Teburin da Ka Gyara, Baba, da Sunan da Aka Ɓata Maka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai bayarwa Ya karɓi abinSa. Ranar Alhamis, sha biyu ga watan Yuni na shekarar 2025, kwana shida bayan Babbar Sallah, Allah Ya yi wa mahaifina, Malam Barau mai injin ƙarfe na Kademi, rasuwa jim kaɗan bayan sallar Azahar. Ya bar duniya yana da shekara sittin da takwas. Da la'asar aka kai shi makwancinsa, kuma waɗanda suka je sun ce sahun sallarsa ya fita har bakin titi.

Baba, ni ce Halima Sadiya, babbar 'yarka da ke koyarwa a Ajingi. Na san ana rubuta ta'aziyya da sanyin zuciya, ni kuwa tawa zuciyar tafasa take yi. Ba da hukuncin Allah nake faɗa ba, na karɓe shi hannu biyu. Da mutane nake. Akwai waɗanda suka tsaya a sahun nan suna share ido, alhali su ne suka mayar da watanninka na ƙarshe abin da suka zama, kuma ba zan rubuta alherinka in tsallake su ba.

Shekara ashirin da biyu ka yi a wata masaƙa a Kano, a sashen gyaran injuna. Da aka rufe ta, abokan aikinka wasu suka sayi babur, wasu suka kama tireda. Kai sai ga ka a bayan babbar mota da wani tsohon inji baƙi ƙirin, wanda sai da maza goma sha biyu suka sha wuya kafin ya shiga ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ina aji uku a lokacin. Na tambaye ka ko niƙa yake yi, ka yi dariya ka ce, "Ƙarfe yake sassaƙawa, Sadiya, kamar yadda masassaƙi ke yi wa turmi." Ka ɗora hannuna a kan teburinsa, wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai tsawon gaba guda, da tsaga uku a jikinsa inda ake ɗaure aiki da noti. Ka ce teburin ne ke tafiya da aikin a ƙarƙashin wuƙar injin, don haka in ya karkace ko da kaurin gashin kai ne, duk abin da aka yanka a kansa ya karkace. Ban taɓa ganin ka ajiye ko da kofin shayi a kansa ba. Kullum da yamma sai ka goge shi da mai, ka rufe shi da wani tsohon zanen Inna.

Da wannan injin ka riƙe ƙasar nan. Kafin zuwanka, in sandar injin niƙa ta karye a Balan ko haƙorin injin casa ya cinye a ƙauyukan Ajingi, sai an shiga mota zuwa Kano, a kwana biyu ana yawo, amfanin gona yana zube a ƙasa. Da ka zo sai aka koma ƙunso karyayyen ƙarfe a buhu a kawo ƙofar gidanmu. Ina tuna wani Bafulatani, Malam Abdulsalam, da famfon ban ruwansa ya tsaya ana tsakiyar zafin bazara, albasarsa ta fara kwanciya. Ranar kana fama da zazzaɓi. Inna ta ce a sallame shi, ka ce albasa ba ta san zazzaɓi ba, ka yafa bargo ka kunna janareta. Ina kuma tuna ranar da ka ɗauki rular da nake zuwa makaranta da ita, ka kanne ido ɗaya ka dube ta, ka ce wannan ƙarya take koya wa yara. Washegari ka miƙo mini ta ƙarfe, ka zana lambobinta da hannunka. Da ita na yi jarrabawar fita sakandare.

Haka kake. Aikin da bai yi maka ba ba ya ƙetare bakin ƙofa, ko mai shi ya ce ya yarda a haka. Wannan ne kaɗai dukiyar da ka tara, a ce in Barau ya yi, ya yiwu. Ita ce kuma aka taɓa.

A kakar bara aka yi maka aikin yanar ido a Kano. Inna da ƙanena Sagiru suka tafi jinyarka, ni na taho daga Ajingi na riƙe gida. Kwana na uku da hantsi sai ga Kawu Kamalu, yayan Inna ciki ɗaya, mai injinan casa da ake haya a gonaki. Ya zo da wani makaniki da ban taɓa gani ba. Ya ce injinsa ya tsaya a tsakiyar gonar wani, dawa tana tare, ɗan ƙaramin abu ne za a yanka.

Na ce, "Kawu, Baba ba ya bari kowa ya taɓa injin nan."

Ya ce, "Haba Sadiya, ni ne kowa? Ni na goye uwarki. Miƙo makulli, kafin Azahar mun gama."

Na miƙa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba zan ɓoye nawa warin ba. Ina tsakar gida na ji wata ƙara da ban taɓa ji daga ɗakin nan ba, kamar an yagi kwano, sai janareta ya yi tari ya mutu. Na leƙo, Kawu ya ce in koma ciki, ba komai. Can kuma sai na ga sun shigo da injin walda. Sai da magariba ta kusa suka fito, ya ba ni makullin yana murmushi, ya ce in gaishe ka. Da na buɗe ɗakin na ga zanen Inna a shimfiɗe kamar yadda ka bar shi. Tsoro ya hana ni ɗaga shi.

Ranar da ka dawo, ido ɗaya a rufe da auduga, ko ruwa ba ka sha ba ka nufi ɗakin. Ina bayanka. Ka yaye zanen, ka bi teburin da tafin hannu, sai hannun ya tsaya. Makanikin nan ya saki wuƙar ta nutse cikin teburin, ta yi rami mai tsawon ɗani, ta ɓalle leɓen tsagar tsakiya. Don su ɓoye sai suka cike wurin da walda, suka goge, suka shafe da baƙin mai. Teburin kuwa ƙarfen zubi ne, ba ya shiri da wuta. Zafin waldar ya sa ya yi tozo a tsakiya, ya kuma tsage a gefe. Ɓarnar da suka yi wajen ɓoyewa ta fi wadda suka yi da farko.

Ka ja benci ka zauna. Na durƙusa ina kuka na faɗa maka duk yadda aka yi.

Ka ce, "Ke kika fasa? Makulli kika bayar, kuma kawunki ne ya tambaya. Da kin hana shi ma da na ji kunya. Tashi."

Na ce to a kira shi ya zo ya gani. Ka girgiza kai. Ka ce, "In na kira sunansa a garin nan, ina uwarki za ta sa fuskarta? Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, kin ji ko?"

Na ji, Baba, na kuma bi. Yau ina ganin wannan biyayyar ce kuskurena na biyu.

Daga ranar ka daina karɓar aiki, domin ba za ka yanka wa mutum abu a kan karkataccen tebur ba. Duk wanda ya zo sai ka ce inji yana gyara, ya yi haƙuri. A makon nan kuma abin da makanikin ya yanka wa Kawu ya karye, ya tafi da wasu sassan injin casar. Da aka tambayi Kawu a ina aka yi masa wannan aikin banza, sai ya ce, "A shagon Barau." Bai ƙara ba, bai rage ba. Ku dubi irin wannan mugunta. Bai yi ƙaryar da za a kama shi da ita ba, ya dai ajiye rabin gaskiya a inda ya san za ta yi wari.

Ku kuma na majalisar gindin darbejiya, kuka ɗauka kuka yi ta yayatawa. Barau ya makance. Likitoci sun ɓata masa ido. Kunya ce ta sa yake cewa inji ne ya lalace. Har Ajingi maganar ta iske ni, a ɗakin malamai, daga bakin wanda bai san 'yarka ce ke zaune kusa da shi ba. A cikinku akwai wanda Baba ya tayar wa injin niƙa ranar jajiberin bikin 'yarsa. Akwai wanda ya yi wa gyaran garma sau ba adadi. Tsakanin darbejiyar nan da ƙofar gidanmu bai kai taku ɗari ba. Wata shida, ba a samu ko mutum ɗaya a cikinku da ya tako ya ce, Malam, me ya sami injin? Da kun leƙa da kun gani da idonku. Gulmar ta fi muku daɗi.

Kai kuwa ka duƙufa. Sagiru ya ce a nemo wani teburin, ka ce irin wannan injin an daina ƙera shi tun kafin a haife shi. Kuka kafa ƙarafa uku kuka rataya sarƙa, da shi da maƙwabta biyu kuka ɗage teburin kuka sauke a kan katako. Ka sare waldar nan kaf da guduma da ƙarfe mai kaifi. Ka huda ɗan rami a ƙarshen tsagewar don kada ta ci gaba da tafiya. Ka bi babban ramin da wuƙar ta yi da magagari har ya zama mai kusurwa huɗu daidai. Sau biyu ka je kasuwar 'yan gwangwan a Kano kana ƙwanƙwasa tsofaffin ƙarafa kana saurare, kafin ka sami guntun da ya yi amo irin na teburinka. Da hannu ka goge shi, mako uku, har ya shiga ramin da ɗan bugu kaɗan. Ka kafe shi da sukurori, ka yanke kawunansu, ka shafe. Ko ɗigon wuta ba ka sa ba.

Wannan duk shi ne mai sauƙin. Saura tozon. Kana da wani faifan ƙarfe miƙaƙƙe da ka taho da shi daga masaƙa. Sai ka kwaɓa bula da mai ka shafa masa, ka goga shi a kan teburin, duk inda ya yi tudu sai ya ɗauki shuɗi. Ka ɗauki tsohon magagarin da ka wasa wa baki, ka kankare shuɗin. Abin da ke fita bai kai garin tuwo kauri ba. Ka goge, ka sake shafawa, ka sake gogawa, ka sake kankarewa. Haka tun daga hantsi har la'asar, wata huɗu, a sunkuye, da idon da likita ya ce kada ka riƙa sunkuyar da shi, da hawan jinin da aka gano maka a asibiti aka ce ka huta. Azumi ya zo ya same ka a kai. Duk Juma'ar da na zo gida sai in ga ƙafafunka sun ƙara kumbura, yatsunka sun rine da shuɗi har ba ya fita da sabulu. Na ce ka bari haka nan, ai ya yi. Ka ce, "Ya yi a idonki."

Mutum ɗaya ce ta jira ka, Iya Kulu ta Balan, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli. Sandar injinsu na markaɗen gyaɗa ta cinye, aka ce ta kai Kano tunda Barau ya gama yayi. Ta ce a'a. Ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ɗakin, ta ga teburin a ƙasa da kai a kansa, ta ajiye sandar a gefen ƙofa ta ce, "Malam, in ka gama ga tawa nan. Ba na sauri." Ita da matanta suka yi ta ɗaukar gyaɗa a ka zuwa injin wani gari har tsawon wata uku. Allah Ya saka wa wannan baiwar Allah.

Saura kwana tara Babbar Sallah aka mayar da teburin kan injin. Ina nan ranar. Ka ɗaura ɗan agogon awon nan mai allura ɗaya, wanda ke nuna tudu ko kwari komai ƙanƙantarsa, ka murza teburin a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Allurar ta ɗan yi rawa ta tsaya cak. Ka mayar, ta sake tsayawa. Sai ka ɗaga murya ka ce, "Innar yara, zo ki gani!" Inna ta fito da gari a hannu, ta duba agogon da ba ta san kansa ba, ta ce ita ba ta ga komai yana motsi ba. Ka ce, "Ai shi ne." Rabona da jin dariyarka irin ta ranar tun kafin a yi maka aiki.

Sandar Iya Kulu ka fara yankawa. Da ita aka markaɗa gyaɗar man Sallar Balan. Bayanta ka yi aiki uku. Aiki huɗu ke nan, Baba, a kan teburin da ya ci maka wata shida. Ranar Alhamis ka idar da Azahar, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, ka kishingiɗa a zaure. Kafin Sagiru ya dawo da mota ka cika, da kalmar shahada a bakinka.

Ban ce wani ne ya kashe ka ba. Ajali ba ya jiran dalili. Amma na ce an sace maka hutun da likita ya ba ka, an sace maka kaka guda da rani guda na aikin da kake so, an sa ka bi ta gaban majalisa kana jin ana yin shiru in ka iso. Wannan kam mutane ne suka yi, kuma suna da suna.

Da na so in ci gaba da riƙe amanarka har abada. Abin da ya faru ranar sadakar uku ne ya kwance ni. Kawu Kamalu ya zauna a tabarmar gaba, ya fi kowa jan carbi. Muna daga cikin gida muna jin muryarsa. Ya ce, "Allah Sarki Barau, mutumin kirki. Tunda idon nan ya tafi aikin bai sake yin kyau ba, amma ya yi haƙuri da jarrabawa." Mutane suka ce Allahu Akbar. Ya ƙara da cewa zai turo mota ta ɗauki injin ya ajiye a wurinsa, kada ya yi tsatsa a hannun yara.

Na miƙe zan fita wurinsa. Inna ta riƙo mayafina ta ce in zauna. Ta aika Sagiru ya kira mata yayanta. Ya shigo yana gyara babbar riga, ya tsaya a ƙofar ɗakin da take takaba.

Ta ce, "Yaya, tun ranar da muka dawo daga asibiti na san wanda ya fasa teburin nan. Ina bayan ƙofa lokacin da Sadiya take faɗa. Malam ya yi shiru saboda ni, ni kuma na yi shiru saboda kada shirunsa ya tashi a banza. Yau ba ya nan, ba sauran wanda za a rufa wa asiri. Inji ba ya fita daga gidan nan. Ka koma tabarmar da ka taso ka faɗa wa mutane gaskiya."

Ya ce, "Ummukulthum, a kan ƙarfe za ki yi mini haka?"

Ta ce, "A kan mijina."

Ya juya ya fita. Muka kasa kunne. Ba mu ji komai ba sai ƙarar motarsa. Ko addu'ar tashi bai tsaya ba, kuma har yau da nake rubutun nan bai dawo ba. Da yamma Inna ta kira ni ta ce, "Ke ce mai alƙalami. Rubuta." Don haka, Baba, in na saɓa maka, da izinin wadda ka yi shirun dominta na saɓa.

Ga shi nan, mutanen Kademi da Balan da Ajingi. Idon Malam Barau bai tafi ba. Da wannan idon ya daidaita abin da masu ido biyu suka karkatar. Bai taɓa yanka wa Kawu Kamalu karkataccen ƙarfe ba, yana kwance a asibiti aka yi. Duk wanda ya ɗauki waccan magana ya kai wani wuri, nauyi ne a kansa ya ɗauki wannan ya kai can.

Kawu, sauranka. Cikin azumi na tambayi Baba ko ya yafe maka, ya ce tun ranar. Wannan tsakaninka da shi ne, ka samu a ɓagas. Ni ban kai can ba, kuma ba zan yi ƙaryar na kai ba. Amma ƙanwarka tana ɗaki tana takaba, ta rasa miji, kuma a mako guda tana neman rasa ɗan'uwa. Tabarma tana nan a ƙofar gida har arba'in. Maganar da ake nema a bakinka ba ta fi numfashi biyu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya sanyaya mata, Ya ba ta ladan abin da ta haɗiye. Ga ƙanena Sagiru, wanda makullin ɗakin ya dawo hannunsa, da ƙanwarmu Afra'u, da jikoki, da 'yan'uwan Baba na Gaya. Ga Iya Kulu da matan Balan, da Malam Abdulsalam da ya taho a ƙafa daga rugarsu ya yi kuka kamar nasa ne ya rasu, da duk manomin da zai ƙunso karyayyen ƙarfe a kakar bana ya tuna a hanya cewa mai gyaran ya tafi.

Ya Allah, bawanKa Barau ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka karɓi haƙurinsa, Ka sa gumin da ya zubar ya zama nauyi a mizaninsa. Ya rufa asirin wanda ya cuce shi, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka yafe mini makullin da na miƙa, Ka cire mini wannan wutar daga ƙirji, domin ni kaɗai na kasa. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Halima Sadiya Barau
Ajingi, Jihar Kano